Ta Yaya Muka Sani? Tambayar da Ta Ɓace a Darasin Kimiyyar Firamare

A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Nijeriya cikin dare guda: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Ba waɗanda ba su je makaranta ba kaɗai suka bi wannan umarni. Masu takardun digiri ma sun tashi iyalansu tsakar dare suna neman gishiri. Da ƙura ta lafa, an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti.

Yawancin waɗanda suka sha ruwan nan sun yi darasin kimiyya a makaranta, wasu ma sun ci jarrabawarsa da kyakkyawan maki. Abin da ya gagara a daren shi ne tsayawa a yi tambaya: wa ya gwada wannan, a kan wa, kuma me ya faru da waɗanda ba su sha ba? Irin wannan tambaya ba a koyonta rana tsaka. Ɗabi'a ce, kuma ina ganin wurin da ya fi dacewa a dasa ta shi ne darasin kimiyya na firamare, tun yaro yana ɗan shekara shida zuwa goma sha ɗaya. Amma ba darasin da muke yi yanzu ba.

Kowa ya san yadda ake yi. Malam ya rubuta ma'anar abu mai rai da marar rai a allo da Turanci, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya har sau uku, su kwafa a littafi, a kaɗa ƙararrawa. Ranar jarrabawa a ce su cike gurbi. Yaro zai iya kammala aji shida bai taɓa auna komai ba, bai taɓa faɗin abin da yake zaton zai faru ba sannan ya ga ya ƙaryata kansa. Hadda tana da muhallinta, kuma mu mun san darajarta fiye da kowa. Sai dai kimiyyar da aka haddace ba a gwada ba, abin da take koya wa yaro shi ne cewa gaskiya ita ce duk abin da mai riƙe da alli ya faɗa. In ya girma, mai riƙe da allin na iya zama saƙon WhatsApp.

Mene ne tunani bisa hujja a wurin ɗan shekara bakwai? Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, yana da wani gwaji da kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida. A zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, yaro ya yarda cewa daidai suke. Sai a juye na kofi ɗaya cikin siririyar kwalba mai tsawo, a gabansa. Mafi yawan yara 'yan shekara huɗu ko biyar za su ce ruwan kwalbar ya fi yawa, saboda ya fi tashi sama. Wajen shekara bakwai sai yaro ya fara cewa a'a, ai ba a ƙara ba, ba a rage ba, in aka mayar da shi kofin zai koma yadda yake. Masu binciken da suka zo bayan Piaget sun nuna cewa yara kan iya wasu abubuwan da wuri fiye da yadda ya zata, amma jigon maganarsa yana nan: a waɗannan shekaru yaro yana yin tunani mai tsari ne a kan abin da hannunsa ya taɓa, idonsa ya gani, kafin ya iya yin sa a kan kalmomi zalla. Gwajin ya kuma nuna iyakar karin maganar da muke cewa gani ya kori ji. Ido ma yana yaudara. Yaron da ya ce ruwan bai ƙaru ba ya fifita dalili a kan abin da idonsa ke nuna masa, kuma wannan ne matakin farko.

Daga nan akwai ɗabi'u uku da aikin kimiyya zai iya ginawa, kuma babu wadda take buƙatar wutar lantarki.

Ta farko ita ce yaro ya faɗi zatonsa kafin a gwada, ya kuma yarda hujja ta rushe shi. A kawo baho da ruwa, a jera ƙwarya, allura, dutse, murfin kwalba, guntun itace da lemun zaƙi. Kafin a jefa komai, kowane yaro ya faɗi wanda zai nutse da wanda zai yi iyo, a rubuta a allo. Kusan kullum za a sami wanda zai kafa doka: duk abu mai nauyi nutsewa yake yi. Sai a jefa allura ta tafi ƙasa, a ɗora babban guntun itace ya tsaya a sama. A nan malamin kirki ba zai yi gaggawar bayani ba. Zai tambaya: dokarmu tana nan ko ta karye? Yaron da ya gane cewa misali ɗaya tak ya isa ya karya maganar da ta fara da "duk", alhali misali ɗari ba su isa su tabbatar da ita ba, ya kama wani ginshiƙi na ilimin manɗiƙi ba tare da ya ji sunansa ba. Sai a ƙara rikita lissafin: lemun zaƙi da ɓawonsa yakan yi iyo, in aka ɓare shi yakan nutse, ga shi kuma nauyinsa raguwa ya yi. Ɓawon yana ɗauke da ƙananan kafofi masu iska, amma kada a faɗa musu yau. A bar su su kwana da abin.

Ta biyu ita ce adalci wajen gwaji: a canza abu ɗaya kaɗai, a bar sauran yadda suke. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Yara za su kawo zato iri-iri: saboda ana ajiye ta a inuwa, saboda tana da murfi, saboda ƙasa sanyi gare ta. Kowane zato yana da hanyar gwada shi. In inuwa ce dalili, to a ajiye tulu da bokiti wuri ɗaya, a zuba musu ruwan rijiya ɗaya, adadi ɗaya, a lokaci ɗaya. In har ruwan tulu ya fi sanyi, inuwa ta fita daga zargi. Wani yaro zai lura cewa jikin tulu yana yin gumi. To a samo tulu biyu iri ɗaya, a naɗe ɗaya da leda ruf yadda iska ba za ta taɓa shi ba, a bar ɗayan a sake. Bayan 'yan sa'o'i hannu ma ya isa ya bambance. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tulu yana bin iska, yana tafiya da zafi, shi ya sa randa ta fi aiki lokacin da iska ta bushe fiye da tsakiyar damina. A kan wannan fahimta ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Haka za a yi da wake a gwangwanayen madara. Ana so a san ko iri yana buƙatar haske kafin ya tsiro? A shuka wake iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa daidai, a sa wasu a taga, wasu a cikin kwali. Yara da yawa za su rantse cewa na cikin duhu ba zai fito ba. Zai fito, har ya fi tsawo, sai dai fari fat kuma siriri. In wani rukuni ya manta bai ba na cikin kwalin ruwa ba, wannan ba asara ba ce, darasi ne mafi tsada: yanzu in bai tsiro ba, duhu za mu zarga ko ƙishirwa? Ba mu da ikon cewa komai, domin abu biyu muka canza. Wanda ya fahimci wannan yana ɗan shekara tara, in ya girma aka ce masa wane ya sha magani kaza ya warke, zai tuna ya tambaya ko akwai wani abin da aka canza tare da maganin.

Ta uku ita ce rubuta abin da aka gani da neman tsari a cikinsa. A kafa sanda a filin makaranta, a auna inuwarta da taku ko igiya kowace sa'a, a yi jadawali. Yara za su ga tana gajarcewa har tsakar rana, sannan ta juya gabas tana tsawo. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar da aka daɗe ana gane shigar azahar da la'asar da inuwa. In aka ci gaba da awon tsakar rana mako-mako, za a ga wani abin mamaki: a Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inuwar tsakar rana takan kusan ɓacewa sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku kudu take karkata, ba arewa ba. Ko kuma a dafa zoɓo a raba a kofuna, a ɗiga lemun tsami a wannan, jiƙon kanwa a wancan, ruwan toka a na uku. Tsami zai ƙara masa ja, kanwa da toka su mayar da shi duhu. Sai a kawo tsamiya a ce: kafin mu ɗiga, wane layi za ta shiga, kuma don me? Rarrabewa, hasashe da kare hasashe da dalili duk sun haɗu a kofin zoɓo.

Sai dai a nan ne masu sha'awar wannan hanya suke yawan zamewa. Suna ɗauka cewa da zarar yara sun taɓa kaya, tunani zai tsiro da kansa. Bincike bai goyi bayan haka ba. A 2004, David Klahr na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka da abokiyar aikinsa Milena Nigam sun wallafa wani gwaji da suka yi da yara 'yan aji uku da huɗu. An ba su gangara da ƙwallaye, aka ce su gano abin da ke sa ƙwallo ya yi nisa: tsayin gangarar, santsinta, ko irin ƙwallon. Wasu an bar su su lalubo da kansu, wasu kuma malami ya nuna musu gwaji mai kyau da marar kyau, ya bayyana dalilin bambancin. Kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa bayani sun ƙware wajen shirya gwaji mai adalci, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 23 ne kacal. Ma'ana, aikin hannu ba ya sallamar malami, ƙara masa nauyi yake yi. Baho da ruwa ba tare da tambaya mai kyau ba wasan ruwa ne kawai.

Akwai kuma wani binciken da ya fi kowanne arha wajen aiwatarwa. A farkon shekarun 1970, Mary Budd Rowe ta naɗi darussan kimiyya na firamare masu yawa a Amurka, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka horar da su su riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu shiru suka fara magana, yara suka fara kawo dalili suna kuma amsa wa junansu. Wannan gyara ba ya buƙatar ko kwabo daga kasafin kuɗi.

Abin takaici shi ne wannan tafiya ba sabuwa ba ce a wurinmu. A Kano aka yi taron da ya haifar da shirin kimiyyar firamare na Afirka a 1965, da tallafin masana daga Amurka, kuma a 1970 ragamarsa ta koma hannun ƙasashen Afirka. Ɗaya daga cikin darussansa da suka yi suna an gina shi ne kacokan a kan ƙwaron nan da ke haƙa ɗan rami mai siffar mazurari a cikin rairayi yana jiran tururuwa ta gangaro. In yaro ya tambayi malam me ƙwaron yake ci ko yaya yake haƙa ramin, sai a mayar da shi wurin ƙwaron ya duba da kansa. A cikin shekarun 1970 kuma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta jagoranci shirin inganta ilimin firamare a jihohin Arewa da tallafin UNESCO da UNICEF. A ganina, abin da ya danne waɗannan yunƙuri shi ne ambaliyar ɗalibai da ta biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya tilasta horar da malamai cikin gaggawa, ga kuma jarrabawar da ba ta taɓa daina tambayar hadda ba.

Wasu ƙasashen sun bi ta wannan hanya, kuma akwai abin lura a sawunsu. A Faransa, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1992, ya haɗu da Pierre Léna da Yves Quéré suka kafa shirin gwaji da hannu a makarantun firamare a 1996, ƙarƙashin inuwar majalisar masana kimiyya ta ƙasar. Ƙashin bayan shirin ba kayan aiki ba ne, littafin da kowane yaro yake rubuta zatonsa, abin da ya yi da abin da ya gani ne. A Indiya, shirin koyar da kimiyya na Hoshangabad ya fara a makarantun karkara 16 a 1972, da kayan da ake samu a ƙauye, ya kuma yi abin da mu ba mu yi ba: ya sauya jarrabawa, aka bar yara su shiga da littafinsu, aka ƙara musu gwajin aiki. Ya yi shekara talatin, sannan gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta rufe shi a 2002. Darasin a fili yake: shirin da bai shiga cikin manhaja da horar da malamai ya zama na gwamnati da iyaye ba, sa hannu ɗaya ya isa ya binne shi.

Na san abin da malamin aji zai ce, kuma yana da gaskiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, shi kuwa a makarantun gwamnati da yawa yana fuskantar ninkin haka ko fiye. Amma ko a aji mai cunkoso, baho ɗaya a gaban allo ya isa, in dai kowane yaro zai ɗaga hannu ya zaɓi zato kafin a jefa abu, a ƙirga masu ra'ayi kaza da masu ra'ayi kaza, a ba kowane ɓangare dama ya kare kansa. Wani zai ce yaran da ba su iya karatu ba tukuna, ina su ina gwaji? Ai jumlar da yaro ya fi ɗokin rubutawa ita ce wadda ke ba da labarin abin da ya gani da idonsa, kuma jadawalin inuwa darasin lissafi ne.

Batun harshe ya fi wuya. Yaro ba zai iya yin gardama da harshen da bai mallaka ba. Zai iya maimaita jumlar Turanci, amma "da a ce inuwa ce dalili, da bokitin ma ya yi sanyi" magana ce da za ta fito daga bakinsa da Hausa kaɗai a wannan shekaru. Shirin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya koyar da yara dukkan darussa har da kimiyya da Yarbanci, ana koyar da Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta sha sauyawa, amma ko wace ce ke aiki, bai kamata a hana yara tattauna gwajinsu da harshen da suke tunani da shi ba, sannan a ba su kalmomin Turancin daga baya.

Akwai kuma fargabar da iyaye ba su cika furtawa ba: yaron da aka saba masa da "don me" ba zai zama marar kunya ba? Tambayar hujja daban, raina na gaba daban, kuma aikin malami ne ya koyar da duka biyun tare: yadda za ka ce "Malam, ni abin da na gani ya saɓa" cikin ladabi. Ba kuma al'adar wasu muke arowa ba. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, da gwaji a ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa ya nuna yadda haske ke tafiya a miƙe, ya kuma kafa hujjar cewa gani yana faruwa ne idan haske ya shigo ido, ba wani abu ke fita daga ido ba kamar yadda manyan magabata suka ɗauka. Manɗiƙi kuwa fanni ne da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu.

Saboda haka gyaran ba daga kwangilar gina ɗakunan gwaje-gwaje zai fara ba. Wuri uku ne. Na farko kwalejojin ilimi: kada ɗalibin NCE da zai koyar a firamare ya fita sai ya gudanar da irin waɗannan gwaje-gwaje da hannunsa, ya kuma jagoranci yara a kansu ana kallonsa, domin wanda bai taɓa ganin zatonsa ya rushe ba ba zai jure ganin na yara ba. Na biyu jadawalin mako: hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi su ware darasi biyu a jere sau ɗaya a mako don aiki da tattaunawa, kuma mai duba makarantu ya nemi ganin littafin gwajin yara, ba na shirin darasin malam kaɗai ba. Na uku, wanda shi ne zai ja sauran, jarrabawa. Muddin tambayar ƙarshen zango ita ce a kawo ma'anar tsiro, malam zai ci gaba da koyar da ma'anar tsiro, kuma ba laifinsa ba ne. A sa tambaya ko da ɗaya ce a kowace takarda mai irin wannan siga: Ladi ta shuka wake a rana tana ba shi ruwa, Audu ya shuka nasa a ɗaki bai ba shi ruwa ba, na Ladi ya tsiro, sai ta ce rana ce dalili, ka yarda da ita, kuma me za ka gyara a gwajin? Hukumar jarrabawar kowace jiha za ta iya yin wannan a zango mai zuwa ba tare da ta jira Abuja ba, kuma a shekarar da aka fara, malamai da kansu za su nemo gwangwanayen.